Kuɗin Watan da Na Mayar wa Garba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa irin wadda ta cancanci mahaifiya, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin rahama, makwancinki a yalwace, ba zafi ba ƙunci. Idan kin tambaye mu, muna nan yadda Allah Ya ajiye mu. Gwiwoyina sun ƙi ni, idona na hagu ya fara hazo, kuma yanzu na girme ki da shekaru masu yawa, abin da ban taɓa zaton zan faɗa ba.

Ni ce Rabi. Na san ba za ki maimaita sunan ba, ban kuma ce ki yi ba. Na rubuta shi ne don ki san daga hannun wa takardar ta fito.

Ga abin da ya sa na tashe ki. Yarana da ke birni sun haɗa kai sun ce za su riƙa biyan Hajara, ɗiyar Garba, duk wata, ta zauna da ni ta kula da ni, tunda mijinta ya rasu, ni kuma ko bokiti ba na iya ɗagawa. Ran Talata ta shigo min da ido jajir, wai mata a gidan suna sun ce ta mayar da gwaggonta sana'a, don haka ba za ta ƙara karɓar ko kwabo ba. Na daka mata tsawa, na ce ta karɓa ta rufe min baki. Ta tsaya tana kallona, ta ɗauka tsufa ne ya fara taɓa min kai. Ba ni da numfashin yi mata dogon bayani, shi ya sa na ɗauko biro, da wannan karkataccen rubutun nawa na ajin yaƙi da jahilci, na ce bari in faɗa miki ke. Wanda ya leƙo ya karanta, ruwansa.

Ni ce ɗiyarki ta fari. Ke kuma jinin Fulani ce, duk da a gidan noma aka haife ki, ba ki taɓa bin saniya ba. Kunyar ɗan fari da wasu mata suke yi sama-sama, ke da hannu biyu kika riƙe ta. Ranar da aka yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo Asabe, yayar Baba. Gidanta yana bayan namu, zana ɗaya ce tsakani. Kullum ina jin muryarki kina kiran ƙanena Garba, kina kiran maƙwabta, har akuyarki tana da suna. Ni kuwa sai “waccan”, ko “ta wajen Asabe”. In na shigo da saƙo, sai ki sami abin dubawa a cikin tukunya. Ba ki taɓa dukana ba, ba ki taɓa yi min kitso ba. Mutane suna yaba ki, suna cewa ga mace mai kunya, ni ma ina taya su a baki. A ciki kuwa, tun ina yawo da ɗan zane a ƙugu abu ɗaya nake so, ki dube ni ki ce ɗiyata. Ko sau ɗaya ne, ko da ba kowa a wurin.

An yi min aure shekarar da aka ce Turawa sun mayar mana da ƙasarmu. Mu dai a bakin kogin Kwara ba mu ga abin da ya canza ba, in ruwa ya ja baya a dasa albasa, in ya dawo a shiga jirgi. Shekara shida muka yi da mijina, ciwon ciki ya ɗauke shi cikin kwana uku. Na dawo ɗakin Gwaggo da yara biyu da tabarma. Ko ranar ma ta bayan zana kika aiko min da ƙwaryar fura, kika ce a ba ta wajen Asabe.

Lokacin masu awo sun riga sun zagaye mu da turaku masu jan fenti, suna cewa ruwa zai kawo har nan in an gama datse kogi a Kainji. Baba ya yi ta dariya, ya ce ruwan da bai hau tudun nan ba tun zamanin kakansa, wane ɗan Adam zai hau da shi. Allah bai nuna masa ba, ya rasu damina ɗaya kafin tashi. Mu muka gani. Aka loda mu a manyan motoci, da tukwane da kaji da turame, aka kai mu sabon gari can kan tudu a ƙasar Ngaski. Gwaggo ba ta biyo mu ba, ɗanta ya tafi da ita Yelwa.

Kin tuna ɗakunan nan, Inna? Siminti sama da ƙasa, rufi a lanƙwashe, an jera su kamar ramukan dara. Da rana su gasa mutum, da asuba sanyi ya shiga ƙashi. Kin tsaya a ƙofar naki kin daɗe, sannan kika ce wa Garba, “Wanga ɗaki na, ko rumbu?” Gonar da aka ba mu a madadin fadama kuwa tsakuwa ce zalla. Ba mu cika wata uku ba kika faɗi a bakin rijiya, guga a hannunki. Da aka ɗauko ki, ɓarin dama ya riga ya mutu. Baki ya dawo a hankali, hannu da ƙafa ba su dawo ba.

Garba a lokacin yana aikin lebura a wajen dam, matarsa tana can tare da shi da tsohon ciki. Ya zo ran Asabar. Ya kira ni cikin ɗakinki, ya tsuguna, yana kallon ƙasa ya ce, “Yaya Rabi, ni ban iya barin aiki. Ki zauna da Inna ki kula da ita, duk ƙarshen wata in biya ki.” Ya miƙo kuɗi a naɗe cikin takardar buhun siminti.

Wallahi sai na ji kamar an watsa min ruwan wanki. A biya ni? Amma ina da yara biyu, ba miji, ba fadama, hatsin da muka taho da shi ya kusa ƙasan buhu. Na miƙa hannu na karɓa. Kina kwance kina kallon rufi.

Washegari na ɗumama ruwa na shigo da shi, ga shi tun da aka yaye ni fatata ba ta taɓa taki ba. Na durƙusa ban san ta inda zan fara ba. Kika tsoma yatsan hagu a ƙwaryar, kika ce, “Mai aiki, ruwan ga ya yi zahi. Surka shi.”

Maganar farko ke nan da kika taɓa yi min kai tsaye, ina da shekara ashirin da wani abu. Na fita na surka ruwan.

Aikin kuwa, kai! Ba wanda ya gaya min haka yake. Ke doguwa ce, ƙashinki da nauyi, ni kuma guntuwa, irin dangin Baba. In zan tayar da ke sai na sa kafaɗa a hammatarki na dafa bango. In juya ki dama, in juya ki hagu, kafin in gama tuka tuwo lokacin juyi ya sake yi. Simintin nan ba ya shan ruwa kamar daɓen tsohon ɗakinki, don haka nake sauka bakin ruwa in ɗebo yashi mai laushi a kwando, in shimfiɗa ƙarƙashin tabarmarki, in ya jiƙe in kwashe in sake ɗebo wani. Bakin ruwan ma ba ya tsayawa wuri ɗaya, wata nan yana kusa, wata mai zuwa sai ka yi tafiya. Zannuwa uku gare ki, kullum biyu suna kan igiya. Tafin hannuna ya tsage saboda sabulun salo da toka. Akwai ranar da na yi sallar azahar a zaune, na yi sujada, ban farka ba sai da ƙaramin ɗana ya ja min zane.

Ke kuma ba ki da sauƙi, gaskiya dai gaskiya ce. Kunu ya yi kauri, kunu ya yi ruwa. Tsamiyar nan ba irin ta gida ba ce. “Mai aiki, wa ya koya miki wanki? Kina jiƙa zane kina shanyawa, ki ce kin wanke.” Wani lokaci in cije leɓe har in ji gishirin jini. Na taɓa fita na bar ki kina kira, na zauna a kan turmi na toshe kunnuwa. Na sha tambayar Allah yaushe wannan abu zai ƙare, na san kuma ƙarewarsa guda ɗaya ce. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, yau na faɗa miki.

Amma kina magana da ni. Abin da ya riƙe ni ke nan. Da hantsi in fito da ke inuwar bango, in zauna ina tsefe miki kai, ki yi ta ba ni labari. Yadda kika koyi tuƙa jirgi a ɓoye kina budurwa. Yadda Baba ya zo neman aurenki da kwandon albasa, rabinta ruɓaɓɓiya. Yadda kada ya taɓa ɗauke miki ƙwarya a mashaya kika bi shi da zagi. Kina dariya da rabin baki, ni ma ina yi. In na dawo daga ɗibar yashi ki tambaye ni ko har yanzu ana hango kan giginyar ƙofar gidanmu a cikin ruwa, in ce ana hangowa, ko bayan da ta nutse. Ashe ke mai surutu ce, ashe kin iya kwaikwayon muryar mutane. Shekara ashirin ina bayan zana ban sani ba.

Abu ɗaya ne ba ki taɓa taɓawa ba. In labari ya kawo kan aurenki, sai ki yi tsalle ki dira a haihuwar Garba, kamar ba a yi komai ba a tsakani. Ni kuma ina zaune da kanki a cinyata, ina jira. Sai ki ce, “Mai aiki, kin ja mini gashi.”

Sai maganar mutane ta fara. A tsohon gari da ba wanda zai ji, amma a nan ɗakuna manne suke da juna, in ka yi tari maƙwabci ya ce sannu. Kowa ya san Garba yana zuwa ƙarshen wata da ƙunshi. In na iso rijiya sai hira ta mutu. Rannan wata mai suna Ladi, wadda muka yi wasan ƙasa tare, ta ajiye tulunta ta ce, “Rabi, nawa ake wanke uwa yanzu? In da sauƙi in kawo tawa.” Aka kwashe da dariya. Na ɗora tuluna na taho, ruwa yana zubo min a fuska, na gode Allah da ya zubo.

Kwana tara maganar nan tana cina. Na ce a raina, ai gaskiyar Ladi. Wace irin ɗiya ce ake biya? Kuma wace irin uwa ce za ta iya hira da ’yar aiki, ta kasa duban abin da ta haifa? Na ɗauka na gano bakin zaren. Na ce kuɗin nan ne suka tsaya tsakanina da ke, in na ture su ba abin da zai rage sai uwa da ɗiya, dole ki kira ni da abin da nake.

Garba ya zo ran Asabar kamar kullum, ya gaishe ki, ya kira ni ciki, ya miƙo ƙunshin. Na karɓa na jefa masa a cinya. Na ce, da ƙarfi, don har na waje su ji, “Riƙe abinka. Ni ba mai aiki ba ce. Ɗiyarta ce ni, daga cikinta na fito, ba a biyana in wanke uwata.” Da Garba nake magana amma ke nake kallo.

Kika sa hannun hagu, kika jawo mayafi a hankali, kika rufe fuskarki.

Garba ya tsince kuɗinsa. A bakin ƙofa ya ce min, “Yaya, kin ɓata.” Na ce ya tafi kada mota ta bar shi. Ni a lokacin ji nake na yi abin kirki, har wani sauƙi na ji a ƙirjina.

Da la'asar na kawo kunu, kika juya kai bango. Na ce fushi ne, zai wuce. Da safe na kawo ruwan wanka, na kama bakin zanenki, sai na ji kin riƙe shi gam. Hannu ɗaya gare ki, amma na kasa ɓamɓare shi. Na ce, “Inna, ni ce.” Kika ƙara damƙewa. Kin kwana cikin jiƙa, kin wuni cikin jiƙa, ba ki yarda na juya ki ba. Maƙwabciyarmu ta shigo ta samu kika sha ruwa da kunu ludayi biyu a hannunta, amma wanka kika ce a'a, ita ma tana da nata aikin, ba ta iya ɗaga ki.

Ni ma ɗiyarki ce wajen taurin kai. Kwana biyu na farko na ce bari mu gani wa zai gaji. Ina shiga ina fita, ina magana da ƙarfi, ina cewa Inna kaza, Inna kaza, ko za ki amsa. Shiru. Ran na uku ɗakin ya fara wari, ƙudaje suka taru, leɓunanki suka bushe suka tsage. A nan tsoro ya kama ni. Na ruga bakin ruwa na sami mai jirgin da ke kai kifi kasuwar Yelwa, na roƙe shi don Allah ya nemo gidan ɗan Gwaggo Asabe, ya ce mata Rabi ta ce ta zo ko a kan kai ne.

Ran na huɗu da azahar na hango ta tana hawo tudu da sandarta, tana tsayawa tana haki. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta leƙa ɗakinki, ta fito, ta ja ni bayan ɗaki, ta sa na faɗa mata duk abin da ya faru. Da na gama ta dangwale min goshi da yatsa kamar ina ’yar shekara biyar.

Ta ce, “Ke dai wawuya ta, Rabi. Ni na rene ki, ban san haka kanki yake ba. Matar da ko sunanki ba ta iya hwaɗi, ita za ta buɗe miki jikinta ki wanke? Da wane ido? Ta gwammace ta ruɓe.”

Na ce to ai wata takwas ina wanke ta.

Ta ce, “Mai aiki ke wanke ta! Kina tsammanin dabarar Garba ta? Yaron da ko ɗaurin akuya bai iya ba? Shi cewa ya yi zai ɗauko wata mata daga garin Wara. Uwarki ta ce a'a, ga wata bazawara nan zaune da ɗiya biyu ba abinci, a ɗauke ta, a biya ta, kuma a gaban ita uwarki za a riƙa biya. Ta samo hanyar da za ta ci da ke, ta samo hanyar da za ta ji hannunki a jikinta, ta yi hira da ke ba wanda ya ce ta yi rashin kunya. Ke kuma kin zo kin tsaya tsakar ɗaki kina shela.”

Na zauna a ƙasa. Ban yi kuka ba, ƙarfin kukan ma babu.

Gwaggo ta kwance bakin zanenta. ’Yan sulallan da ta ƙulla na kuɗin jirgin komawa ne. Ta ja ni har ƙofar ɗakinki, ta ɗaga murya ta ce, “Ina mai aikin gidan ga? Garba ya aiko da kuɗɗin wata, ya ce a ba shi haƙuri an yi latti.” Ta zuba min su a tafin hannu daga sama, don su yi ƙara.

Ta taka min ƙafa. Na ce, “Na karɓa.”

Muka tsaya. Ba abin da ake ji sai ƙudaje. Can sai muryarki ta fito daga ƙarƙashin mayafi, a shaƙe, “Mai aiki, a ɗumama ruwa.”

Da na buɗe zanenki ranar, na ga abin da kwana huɗu suka yi. Fatar ƙugunki ta dama ta salluɓe, faɗin bakin ludayi, ja da fari. Wata takwas ina ɗibar yashi don kada hakan ta faru.

Gyambon nan bai warke ba, Inna, kin sani. Na kai maganarsa wajen malamin asibiti, ya ba ni wani magani mai rina fata, na shafa har ya ƙare. Na gwada zuma, na gwada garin bagaruwa. Ya rufe ta nan ya buɗe ta can. Aikin ya ninku, juyi ya ƙaru, wanki ya ƙaru, ga zazzaɓi yana zuwa yana tafiya. Na rame har zanena yana zagaye ni sau biyu. Ladi da kanta ta fara kawo min ruwa tulu ɗaya kullum. Garba ya ci gaba da zuwa da ƙunshinsa, ina karɓa da hannu biyu a gabanki, har in ce an gode.

Hirarmu ta dawo, amma ba kamar da ba. Numfashinki ya gajarta, labari ɗaya sai ki yanka shi uku. Ni kuma na daina jira. Ban ƙara ce miki Inna a gabanki ba, sai in ce “ga kunu”, “bari in juya ki”. Wata bakwai muka yi a haka.

Asabar ɗin ƙarshe da Garba ya same ki, ana cikin yankan gero ne, rana ta yi sanyi. Kowa ya ga alama, ke ma kin gani. Ya durƙusa a gefenki yana kuka kamar yaro, ya ce ki yafe masa. Kika ɗora masa hannu a ka, kika ce, “Na yahe maka, Garba, duniya da lahira. Allah Ya yi maka albarka.” Kika sa ya kira maƙwabta, kowa ya shigo kuka yafi juna.

Ina tsugune a bakin ƙofa da ƙwaryar ruwa. Saura ni kaɗai. Na rasa da wane baki zan roƙa. In na ce Inna ki yafe wa ɗiyarki, na san mayafi za ki ja, kuma wannan karon ba Gwaggo a kusa. In na yi shiru, kin tafi ke nan. Na ce a raina, yanzu dai, yanzu da ba sauran kunyar da za a ji wa duniya, za ta faɗa.

Kika daɗe kina kallon rufi. Sannan kika ce, “Garba.”

Ya ce, “Na'am, Inna.”

“Ka daɗa ma mai aikin ga kuɗɗi. Ta gaji.”

Shi ke nan. Kika rufe ido kika yi barci.

Na ajiye ƙwaryar na fita bayan ɗaki, na yi kukan da ban yi ba ranar da Gwaggo ta zo. Kukan haushi ne, ba zan ɓoye miki ba. Na ce har a bakin kabari kuɗi? Har yanzu mai aiki? Ran Litinin da hantsi kika cika, kanki a hannuna, ina ɗiga miki ruwa. Wata bai ƙare ba, Garba bai samu ya daɗa komai ba.

An aika wa Gwaggo tun ran Asabar, ta iso daga Yelwa, ni da ita muka yi miki wanka. Ta ce ita ta tsufa, ni in yi, ita ta riƙa zuba ruwa. Na wanke ki a hankali, na bi ta gefen gyambon kamar har yanzu zai yi miki zafi. Ranar ba ki riƙe zane ba, ba kuma wanda ya biya ni.

Na daɗe ina riƙe da haushin nan, shekaru. Ban san ranar da ya sake ni ba. Na dai lura cewa a duk tsawon wata goma sha biyar ɗin nan, mutane sun ce min sannu, sun ce Allah Ya ba da lada, wasu sun ce ina cin kuɗin uwata. Garba ya gode min, Gwaggo ta zage ni. Ba wanda ya dube ni ya ce ta gaji. Ke da ba ki taɓa kallona ido da ido ba, ke kika gani. Numfashin da ya rage miki kaɗan ne, kika raba shi biyu, rabi ga Garba, rabi gare ni, kika faɗa da irin bakin da aka bar miki.

Na gaji ɗin kuwa, Inna. Gaskiya kika faɗa.

Abin da na kasa roƙo a bakin ƙofar nan shi nake roƙo yau, kuma ba da sunan mai aiki ba. Ki yafe min kwana huɗun nan. Ki yafe min gyambon. Ki yafe min ranar da na zauna a kan turmi na toshe kunne kina kira. Ba sai kin amsa ba, na saba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya kai rahama ga Baba a can ƙarƙashin ruwa, da Gwaggo, da Garba da ya biyo ku bara waccan. In tawa ta zo, Allah Ya sa in cika da imani, Ya sauƙaƙa wa wadda za ta ɗaga ni. Amin.

Wassalam.

Ɗiyarki ta fari,
Rabi